Fim ɗin da Sabi'u Ya Fassara Mini

Sun rushe ɗakin. Ranar kasuwa na bi ta bayan tasha a nan Gwarzo, na tarar da leburori suna kwasar ƙasar katangar a baro, wai shagunan waya da caji za a gina a wurin. Na tsaya riƙe da kekena ina kallonsu, har wani a cikinsu ya ce, "Baba, ko ajiya ka yi a ciki?" Na ce masa a'a, na wuce. A ɗakin nan aka fara nuna bidiyo a unguwarmu, kuma a cikinsa aka yi mini abin da har yau idan na tuna sai abinci ya fita daga raina. Ni ba marubuci ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba, gyaran keke ne sana'ata tun ina saurayi. Amma tunda sun kwashe ƙasar, gara in ajiye maganar a wani wuri kafin ni ma a kwashe ni.

Lokacin da nake magana a kai, zamanin tsuke bakin aljihu ne, wanda 'yan boko suke kira ostariti. Yaran yanzu suna kukan tsada, kuma suna da gaskiya, amma mu a wancan lokaci ko da kuɗinka a hannu kayan ne babu. Sabulu sai an yi layi, madara sai an yi layi, ka wuni a rana a ce ya ƙare. A rumfarmu sabuwar taya ta zama labari. Tif guda sai mu yi ta yi masa faci a kan faci har asalin robar ta ɓace. Idan sholisho ya yanke, mu jiƙa ɗanyar roba a fetur ta kwana, da safe mu shafa. Ubangidana Baba Mamman, Allah ya jiƙansa, yakan zauna a kan tsohuwar taya yana miƙe ƙusa da guduma, yana cewa duk wanda ya jefar da ko da wosha ɗaya a rumfar nan to ya bi ta. Har yanzu ina jin ƙarar famfo a kunnena, da kumfar da take tashi a kwanon ruwa idan mun tsoma tif muna neman huda, da rediyon mai shayi da kullum sai an mare shi yake magana. Yunwa akwai ta, amma mutum ba ya cin nasa shi kaɗai. Kwanon rogo ɗaya da ƙuli, hannu nawa ne ba ya shiga?

A cikin wannan hali aka buɗe gidan kallo. Ɗakin ƙasa ne, an toshe tagoginsa da buhu, an jera benci, an ɗora talabijin a kan tebur, tebur ɗin a kan bulo. Janareta yana waje yana tari. Da an sallame la'asar sai ka ga samari suna silalewa ɗaya-ɗaya. Yanzu kowane yaro yana kallo a tafin hannunsa, shi kaɗai, ya toshe kunnuwa, ko dariya zai yi shi kaɗai zai yi. Mu a tare muke dariya, a tare muke zagin mugu, wani ma har ya cire takalmi zai jefi akwatin sai an riƙe shi. Kuma da yake babu mai jin yaren da ake yi a ciki, dole akwai mai fassara. Shi ne yake tsayawa a gefen talabijin da guntun kara a hannu, yana nuna fuskar mai magana, yana faɗa mana da Hausa abin da ya ce. Abin da mai fassara ya faɗa shi ne fim. Babu mai musu, don babu mai abin musun.

Mai fassararmu Sabi'u ne, abokina tun muna yara a Kabo. Tare muka yi kiwon tumaki, tare aka yi mana kaciya. Shi ya wuce sakandare ya samu aikin akawu a ofis, ni na tsaya a sifana da giris. Yana kirana Injiniya, ina kiransa Bature. Allah ya ba shi baki. Idan mace tana magana a fim sai ya siranta murya, idan tsoho ne ya yi karkarwa, idan an zo wurin kuka ya sauke murya ƙasa har sai kowa ya daina motsi.

Wata rana aka kawo wani tsohon kaset na Turawa, fari-da-baƙi, ko suna babu a jikinsa, wani ne kawai ya rubuta "yaƙi" da biro. Mu muka sa masa suna Mai Fito. Mutane sun shigo da zaton za a yi ta harbi, sai suka ga ba haka ba. Ana ta ihu daga baya, "Bature, ina faɗan? A canza mana!" Ni kuwa tun daga farko na kasa ɗauke ido. Labarin wani mutum ne mai jirgin fito a bakin wani babban kogi, jirgin da ake jan sa da igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Yaƙi yana matsowa garinsu, shi kuma kullum yana hayewa da mutane, tsofaffi da yara da waɗanda aka harba. Akwai wata nas da take rakiyar masu rauni. Ba su cika magana ba. Wata rana takalminta ya jiƙe, ya ɗauka ya ajiye a gefen murhu. Wata rana ita kuma ta ga igiya ta farfasa masa tafin hannu, ta zaunar da shi ta wanke ta naɗe, yana kallon gefe kamar ba hannunsa ba ne. Iyakar soyayyar ke nan da za ka gani da ido. Babu rawa, babu guje-guje a cikin furanni. Amma ni da nake da hannu irin nasa, duk tsaga da baƙin mai, na san abin da mutum yake ji idan aka riƙe masa hannu irin wannan ba a ƙyamata ba.

Akwai mutum na uku, wani soja da aka kawo da rauni a kafaɗa, wanda nas ɗin take yawan zama a gefensa tana shafa kansa. Sabi'u ya ce mana aminin mai fito ne, shi ma son ta yake, kuma ɗan masu hali ne a birni. A ƙarshe abokan gaba suka iso gari. Aka cika jirgi da sauran mutane, tafiya ta ƙarshe. Dole mutum ɗaya ya tsaya a baya, idan jirgi ya kai can ya sare igiyar, don kada a jawo shi a bi su. Mai fito ya ɗauki gatari. Kafin ya sauka ya kama hannun nas ya ɗora a cikin hannun sojan, ya yi magana. A nan Sabi'u yake ajiye karansa, ya dafe ƙirji, ya ce, "Ga ta nan, na bar maka. Ni ba ni da komai sai jirgi da igiya, kai kana da gida da abinci. Idan ina son ta, ba zan ja ta cikin wahalata ba." Jirgi ya tafi, tana ihu, ya sare igiya, aka ji harbi, hoto ya yi duhu. Sai a nuno ta bayan yaƙi, ta zo bakin kogin ta tsaya riƙe da guntun igiya. Sabi'u ya ce ta zo yi masa godiya ne, don ta samu gidan hutu.

Ban san iya adadin kallon da na yi wa fim ɗin nan ba. Idan mutane sun ƙi shi, Sabi'u yakan roƙi mai gidan a saka mana bayan an watse, mu biyu, ya yi mini fassarar ni kaɗai. A lokacin na ɗauka ƙauna ce.

Ga inda maganar take. A shekarun nan ina neman wata yarinya a Gude, Hajara, 'yar Malam Habibu mai makarantar allo. Ni nake gyara wa Malam kekensa, ta nan na san gidan. Ba ta da yawan magana, amma idan ta yi ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Kamar yadda aka saba, saurayi ba ya zuwa zance shi kaɗai, sai da ɗan rakiya. Wa zan ɗauka in ba Sabi'u ba? Ni nake goya shi a kariya tun daga Gwarzo, ina taka feda ina haki a kan yashi, shi yana zaune a baya yana fito da baki, rigarsa a goge. Idan mun isa, ni bakina ya mutu, shi ya yi ta zuba. Hajara takan yi dariyar maganarsa, amma idan za ta miƙo ruwa ni take fara miƙa wa. Na lura da wannan. Ashe shi ma ya lura.

Sana'a ta ƙara lalacewa. Baba Mamman ya kwanta ciwo, rumfa ta dawo kaina, wata rana mu wuni ba a kawo ko faci ba. Sai Sabi'u ya fara ramewa, ya daina wasa. Na matsa masa, a kan hanyarmu ta dawowa daga Gude, ya ce in tsaya. Muka sauka a gindin wata ɗorawa.

"Injiniya, ka yafe mini," in ji shi. "Na yi ta addu'a Allah ya cire mini, abin ya ƙi."

"Mene ne ya ƙi?"

"Hajara. Wallahi ba da gangan ba ne. Amma kada ka damu, ba zan taɓa shiga gabanka ba. Ni dai tausayinta nake ji, yarinya irin wannan, a wannan marra da ake ciki. Ko sabulun wanka mutum bai isa ya ce zai kawo kullum ba."

Bai ce in bar masa ba. Bai taɓa cewa ba, wannan zan shaide shi ko a gaban alƙali. Washegari dai ya ce mu je a saka mana Mai Fito. Da aka zo wurin hannun nan, ya faɗi maganar a hankali fiye da kullum, hawaye yana zubo masa. Na fito daga ɗakin ina jin kaina wani babban mutum.

Ranar Juma'a na goya shi muka je Gude. Hajara ta fito soro, ta shimfiɗa mana tabarma. Ban iya kama hannunta ba, ba tarbiyyarmu ba ce, amma maganar na faɗe ta kamar yadda na haddace. Na ce ni ba ni da komai sai sifana da famfo, Sabi'u yana da albashi, ba zan ja ta cikin wahalata ba. Ta saurare ni har na kai aya.

"Ka gama?" ta ce.

Na ce na gama.

"Wa ya ce maka shinkafa nake nema?"

Ta tashi ta shige gida, ko tabarmar ba ta naɗe ba. Na ɗauka irin ihun nas ne a cikin jirgi, zafi ne na lokaci, daga baya za ta gode. Na je na sami Malam Habibu na ce na janye, na kuma yabi Sabi'u a gabansa da bakina. Ba wanda ya tilasta mata. Da aka tambaye ta, cewa ta yi duk ɗaya ne. Kafin damina aka ɗaura mata aure da Sabi'u. Samarin gari kuwa suka gane daga ina na ɗauko maganar, don 'yan'uwanta maza suna shiga gidan kallo, aka yi ta kirana Mai Fito har sunan ya kusa bin ni. Ban ji haushi ba, daɗi ma nake ji. Bayan biki Sabi'u ya zo rumfa da kaset ɗin a cikin leda, ya ce ya saye shi daga mai gidan. "Riƙe, Injiniya. Kai ne jarumin."

Shekaru suka tafi. Na yi aure, Allah ya ba ni mace mai haƙuri da 'ya'ya, ba ni da abin cewa a kanta sai alheri. Sabi'u ya bar fassara, ya hau, ya yi Makka, ya zama Alhaji, ya sayi mota. Keke ya daina kawo shi wurina. Kaset ɗin yana cikin akwatin ƙarfena a naɗe da tsumma. Jefi-jefi nakan kai shi gidan kallo idan babu mutane a saka mini, kuma duk wanda ya zauna kusa ni nake yi masa fassara, da kalmomin Sabi'u, har da dafe ƙirjin. Idan talauci ya matse ni, ko na hango Hajara a bayan mota, sai in tuna mai fito in ji sanyi. Ina ganin ko ban tara komai a duniya ba, na taɓa yin abu ɗaya na manya.

Sai Shari'a ta zo. Kada wani ya juya mini magana, ni ban ƙi ta ba. Da ƙafata na je taro, na yi kabbara har muryata ta dishe, don mun gaji da zalunci kuma muna sa ran gyara. A unguwarmu wasu suka kafa kwamiti na kansu, wai na gyaran tarbiyya, suka sa Alhaji Sabi'u a gaba. Aka rufe gidan kallo. Aka ce duk mai kaset ya kawo, ranar Juma'a bayan masallaci za a tara a fili a cinna wuta. Ni ban ma kawo nawa a lissafi ba, don ban ga abin kunya a cikinsa ba. Sai ga motar Alhaji a bakin rumfata, abin da aka daɗe ba a gani ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, yana tsaye yana tattare babbar riga kada ta taɓa mai.

"Malam, wannan kaset ɗin yana nan?"

Yau ni ne Malam. Na ce, "Wanne, Bature?"

Ya waiga ko yaran kwamiti sun ji. "Ka san wanda nake nufi. Abubuwan ƙuruciya ne, Allah ya yafe mana. Ba ni shi in tafi da shi yanzu, ba sai ka wahala ba."

"Garin nan cike yake da kaset ɗin rawa, ba ka je gidan kowa da kanka ba sai nawa?"

"Don kai nawa ne."

Na ce ya bar ni zuwa Juma'ar, zan kawo da hannuna. Bai so ba, amma ya tafi.

So nake in yi masa kallon bankwana. Wanda na sani da bidiyo a gida shi ne Malam Istifanus, wani malamin makaranta mutumin Filato da ya daɗe yana koyarwa a Kabo, ni nake gyara masa keke tun zuwansa. Na same shi da rana, rabin kayan ɗakinsa a ɗaure, don a lokacin hankalinsu ba a kwance yake ba, yana tunanin mayar da iyali gida. Duk da haka ya karɓe ni, maiɗakinsa ta kawo mini zoɓo mai sanyi, ya tayar da ɗan janaretansa.

"Oga, wane irin fim ne ya taso ka tun daga Gwarzo a wannan rana?"

"Zauna ka gani, Malam. Ni zan fassara maka."

Ya yi dariya ya ce to. Aka fara. Ina ta zuba, yana gyaɗa kai, wani wurin ya ce haka ne, wani wurin ya yi murmushi. Da aka nuno sojan nan na ce ga aminin, ga abokin takarar. Malam Istifanus ya juyo ya kalle ni. Da aka zo wurin hannu na miƙe tsaye, na dafe ƙirji, na faɗi maganar. Sai ya tashi ya danna, hoto ya tsaya.

"Oga, wa ya gaya maka haka?"

"Haka yake."

"Ba haka yake ba. Wannan sojan wanta ne. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Tun shigowarsa ta faɗa, ta kuma faɗa, ai shi ya sa take kuka a kansa."

Na ce ya mayar baya. Ya mayar. Ya bi maganar a hankali, yana tsayarwa yana faɗa mini. Abin da mai fito ya ce wa sojan shi ne ya riƙe ƙanwarsa da kyau kada ta faɗa ruwa, don ya san za ta yi ƙoƙarin biyo shi. Ita kuma ya ce mata ta jira shi a waccan gaɓa, idan yana da rai zai yi iyo ya same ta. Babu gida a ciki, babu abinci, babu wanda aka bar wa wani. Saboda mutanen da suke cikin jirgi ya tsaya, ita kuwa har ya ɗaga gatari bai sake ta a zuciyarsa ba.

"To ƙarshen fa?" na ce. "Da ta zo godiya?"

"Wace godiya? Jiransa take. Ba ta yi aure ba. Ga wan nata can yana cewa ta zo su tafi gida, ta ce sai rana ta faɗi."

Na zauna. Zoɓon yana hannuna ban san na karkatar da kofin ba sai da ya jiƙa mini wando. Malam Istifanus ya ce, "Lafiya, Oga? Fim ne fa." Na ce masa lafiya lau, ya sake mayarwa farko ya fassara mini duka. Ya yi, Allah ya saka masa. Kuma abin da zan faɗa, na gaskiyar ya fi na Sabi'u kyau nesa ba kusa ba. Wannan ne ya fi ƙona ni. A hanyar dawowa na yi ta nema wa Sabi'u uzuri. Na ce wataƙila Turancin nasa ne bai kai ba, ɗan sakandare ne, Turawan kuma suna magana ta hanci.

Ranar Juma'a aka tara kaset a fili, tsibi guda, ana zuba kananzir. Alhaji yana tsaye cikin farar riga. Na ja shi gefe, kaset ɗin yana aljihuna.

"Ka kawo?" ya ce, ya miƙo hannu.

"Na kawo. Amma na biya ta Kabo tukuna. Malam Istifanus ya fassara mini shi."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Hannun nasa ya tsaya a iska. Ya yi 'yar dariya ta gefen baki.

"To don ya ce maka wanta ne, sai me? Maganar shekara nawa?"

"Ban ce maka ya ce wanta ne ba, Sabi'u."

Ya gyara hularsa. Sannan ya matso ya rage murya, irin yadda yake yi a wurin kuka. "Injiniya, ka ji tsoron Allah. Rabo ne. Matar mutum ba ta wuce shi. Ni na ɗaura maka igiya a wuya? Da bakinka ka je ka faɗa."

"Da bakina, da maganarka."

"Ba ni kaset ɗin a wuce wurin."

"Ba zan bayar ba. Shi bai yi wa kowa ƙarya ba. Idan kana so, a kira malamai, a kunna shi a gabansu. Ka tsaya a dama da karanka, Malam Istifanus ya tsaya a hagu, kowa ya fassara. In an samu abin ƙonawa a ciki, ni zan kyasta ashana."

Wani matashi daga cikin 'yan kwamiti ya matso yana tambaya ko gardama nake yi. Alhaji ya ɗaga masa hannu. "Ƙyale shi. Na san kaset ɗin, tarihin yaƙi ne zalla, ko mace babu a ciki." Ko ƙiftawa bai yi ba. Na tsaya ina kallonsa, na ga har yau bakin nan bai tsufa ba. Na hau kekena na bar su da hayaƙinsu.

Tun daga ranar ba mu ƙara zama inuwa ɗaya ba. Idan mun haɗu a jana'iza mukan yi musabaha, hannu ya taɓa hannu, shi ke nan. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa? In ce an raba ni da mace da fassarar fim, a yi mini dariya a kasuwa? Malam Istifanus ya koma garinsu. Kaset ɗin ya yi fumfuna, ko an samu bidiyon ba zai yi ba, amma yana nan a akwati.

Da Malam Habibu ya rasu na je Gude ta'aziyya. Maza suna zaune a ƙofar gida, Alhaji a tsakiyarsu yana karɓar gaisuwa. Na shiga soro zan jingine kekena, soron nan dai na da, sai ga Hajara ta fito raka wasu mata. Ta manyanta, ni ma haka. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ya haƙuri, Allah ya jiƙan Malam, ta amsa. Har ta juya sai ta tsaya.

"Mai Fito," ta ce. Rabon da a kira ni haka har na manta. "An ce har yanzu kana riƙe da fim ɗin nan."

"Yana nan, Hajiya."

"Na daɗe ina son in tambaye ka. Ita matar, da aka miƙa ta, me ta ce?"

Na yi niyyar in yi shiru, wallahi na yi niyya. Amma a soron nan na taɓa faɗin ƙaryar wani, ban ga yadda zan ƙara ta biyu ba.

"Ba a miƙa ta ba, Hajiya. Wanta ne. Cewa aka yi ta jira."

Ta daɗe tana kallona. Daga waje ana jin muryar Alhaji yana jan addu'a, mutane suna amin.

"Wa ya fassara maka da farko?"

Na sunkuyar da kai ina kallon fedar kekena.

"Bar shi," ta ce. "Mai fassara ɗaya ne a Gwarzo."

Ta ja mayafinta ta shige cikin gida. Na fito da kekena ta gaban masu zaman makoki, na hau, na kama hanya. Yashin nan yana nan yadda na san shi, sai dai wannan karon babu kowa a kariya.